Neman shawara: tun da aka sake gina shafina ya ɓace daga Google

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shago a Kantin Kwari inda nake sayar da shadda da yadin maza, kuma na daɗe da wani ɗan shafi a kan Blogger wanda nake sa hotunan kaya da bayanin kowane iri. Ba shi da wani ado, amma yana kawo mini masu saye daga Kaduna da Abuja, har da Maradi. Bayan Sallah na biya wani matashi ya sake gina shi a kan WordPress, sunan shafin bai canza ba, kuma aikin ya yi kyau a ido. Sai dai tun daga lokacin kiran waya ya ja baya, kuma idan na rubuta "shadda" a Google, Jiji da Jumia da bidiyoyin YouTube ne suke cika saman, nawa kuwa ko ƙyallinsa babu. Wanda ya gina ya ce in ƙara haƙuri, wani kuma ya ce in biya shi ya sayo mini mahaɗai dubu, wato links da ke kawo mutum shafina, daga wasu shafuka. Ina neman shawarar masana.

Wani mai gina shafuka, daga Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar haƙuri, a fara duba adiresoshi. A Blogger kowane rubutu yana da adireshi mai ɗauke da shekara da wata, ya ƙare da .html, shi kuwa WordPress ana iya saita shi da wani tsari dabam. Idan ba a haɗa tsohon adireshi da sabo ba, duk wanda ya biyo tsohuwar hanya, har da na'urar Google, kuskuren 404 zai tarar, wato saƙon cewa ba a sami shafin ba, kuma martabar da waɗannan shafukan suka tara tsawon shekaru ba za ta bi ka sabon gini ba. Kamar ɗan kasuwa ne ya tashi daga tsohon layinsa bai bar sallahu wurin maƙwabta ba.

Maganin shi ne turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, kuma a tura kowane tsohon shafi zuwa takwaransa. Kada a kwashe su duka a jibge a shafin farko, domin Google kan ɗauki irin wannan tamkar shafin ya ɓata. Idan ba ka da jerin tsofaffin adiresoshin, Wayback Machine, rumbun da ke adana tsofaffin shafukan intanet, na iya nuna wasu, kuma idan an taɓa haɗa shafin da Google Search Console, dandalin da Google ke nuna wa mai shafi yadda ake samunsa a bincike, yana ajiye bayanan bincike na wata 16. Google da kansa yana ba da shawarar a bar turawar aƙalla shekara guda.

Abu na biyu ƙarami ne amma yana kashe shafi: a saitin karatu na WordPress akwai wani akwati da ake cikewa lokacin gini don a hana injinan bincike jera shafin, kuma magina da yawa sukan miƙa aiki ba su cire alamar ba. A duba shi yau, sannan a miƙa sabuwar taswirar shafin, wato jerin dukkan adiresoshinsa, a Search Console.

Wata mai tallata kaya a intanet, daga Kaduna:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ina da tambaya ga Alhaji: shin da can ma da kalmar "shadda" kaɗai ake samunka? Ina kyautata zaton ba haka ba ne. Kalma guda irin wannan fagen manya ce, masu dubban shafuka da mahaɗai daga jaridu, kuma mai rubuta ta ba lallai ne saye ya zo yi ba, wataƙila salon ɗinki yake nema. Waɗanda suke kiranka daga Abuja, mai yiwuwa sun rubuta abu ne kamar "farashin shadda Getzner yadi goma a Kano", sai suka faɗo kan wani tsohon rubutunka da ya yi bayanin hakan dalla-dalla.

Saboda haka ka duba ko waɗannan bayanan suna nan a sabon shafin. Na sha ganin an sake gini an zubar da rubutu don kada ya ɓata kwalliya, aka bar hotuna zalla da lambar waya, alhali rubutun ne yake gaya wa Google abin da kake sayarwa. A mayar da shi, kowane iri da shafinsa: asalinsa, launukansa, yawan yadi, da yadda ake aikawa wasu garuruwa. Ka kuma buɗe Google Business Profile da adireshin shagon, domin mai nema daga cikin Kano zai iya ganinka a taswira ko da ba ka kai saman jerin ba.

Wani mamba:
Game da sayen mahaɗai dubu, Alhaji ka riƙe kuɗinka. Dokokin Google sun hana sayen mahaɗai don ɗaga matsayi, kuma ko dai a yi watsi da su ko a hukunta shafin. Sannan ka buɗe shafin a ƙaramar waya da datar da ba ta da ƙarfi, domin Google da fuskar waya yake auna shafuka, kuma ma'auninsa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Hotunan shadda da aka ɗora kai tsaye daga kyamara ba tare da an rage nauyinsu ba sukan wuce haka nesa ba kusa ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada tsofaffin adiresoshin da na taɓa tura wa abokan ciniki ta WhatsApp, duk 404 suke nunawa, kuma bayanan kaya babu su a sabon shafin. Malam na Zariya, shin turawar nan sai an taɓa uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ko ana iya yi daga cikin WordPress?

Mai gina shafuka:
Ana iya yi daga ciki da wata ƙaramar manhaja da ake ƙara wa WordPress mai suna Redirection. Ka sa a fara da shafukan da suka fi kawo mutane, kuma ka ba shi makonni kafin ka yanke hukunci, domin sai Google ya sake bin kowane adireshi ɗaya bayan ɗaya.