Ƙungiyar coci na son haƙa mana rijiya a Aboabo: mene ne tushen wannan aiki a addininsu?

Sakataren Unguwa, Kumasi:
Assalamu alaikum. Wata ƙungiyar agaji ta coci ta zo unguwarmu da tayin haƙa rijiyar burtsatse da kafa wa mata asusun adashi, kuma tun daga ranar kan dattawanmu ya rabu. Wasu sun ce ruwa ba shi da addini, wasu kuma sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ina roƙon wanda ya san abin daga ciki ya bayyana mana abin da ke sa Kirista yin wannan aiki, da kuma ko akwai sharaɗin da ba a faɗa a zaman farko.

Malam Yohanna, Asawase:
Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Ni Kirista ne, kuma na daɗe ina aiki da irin waɗannan ƙungiyoyi a arewacin Gana. Tushen abin yana cikin Littafi Mai Tsarki, a Farawa 1:27, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, saboda haka darajar mabuƙaci ba ta rataya ga addininsa ko ƙabilarsa ba. A Matiyu sura 25, Yesu ya ɗauki ciyar da mai yunwa da shayar da mai ƙishirwa tamkar shi aka yi wa, kuma a misalin Basamariye da ke Luka sura 10, wanda ya tsaya ya ɗaure raunin matafiyin baƙo ne da ba su haɗa aƙida ba.

Wannan fahimta tana shafar yadda ake gudanar da aikin kansa. Idan ka yarda cewa talaka mai daraja ne kuma Allah ya ba shi basira, ba za ka sauke masa kaya ka juya ba. Shi ya sa za ku ga sun nace a kafa kwamitin rijiya, a sa mata a ciki, a buɗe littafin kuɗin gyara. Na taɓa ganin wata tsohuwa da ba ta iya karatu ba tana riƙe da makullin akwatin adashi ɗaure a bakin zanenta, kuma ba a buɗe akwatin sai ta iso.

Amma ba zan ɓoye muku ba, mu kanmu ba bakinmu ɗaya ba. Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta a 2005 cewa bai halatta a mayar da agaji hanyar janyo mutane zuwa addini ba, yayin da wasu majami'u ke ganin wa'azi da taimako ba sa rabuwa. Ku tambaye su kai tsaye a wane ɓangare suke.

Hajiya Mai Koko, Nima:
Malam Yohanna ya yi adalci. Mu da muka ga yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji da koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya, ba za mu manta ba. Ƙashin wuyan mutane ya fito har ana kiransa sarƙar Rawlings, wato shugaban ƙasa na lokacin. Catholic Relief Services, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika wadda take ƙasar nan tun 1958, tana cikin waɗanda suka raba abinci, kuma a layin da na tsaya babu wanda ya tambaye ni sunana balle addinina. Sai dai bayan ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a nan Ankara, babban birnin Gana, wasu suka zo layinmu da shinkafa, suka ce sai yara sun yi waƙar coci kafin a ba su. Na janye jikokina muka koma gida hannu wofi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin mai jin yunwa ba ya iya cewa a'a da sauƙi.

Malam Yohanna, Asawase:
Hajiya, abin da aka yi muku kuskure ne, kuma ya saɓa wa ƙa'idar aikin agaji ta 1994 da Red Cross da manyan ƙungiyoyi, har da na coci, suka amince da ita, wadda ta hana amfani da taimako don tallata addini ko siyasa.

Ustaz Zango, Aboabo:
Malam Sakatare, shayar da ruwa sadaka ce mai gudana a wurinmu ma, don haka niyyarsu ba baƙuwa ba ce gare mu, kuma babban limamin Gana, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya ziyarci cocin Christ the King a Ankara ranar Ista ta 2019. Shawarata ita ce a rubuta yarjejeniya a gaban Sarkin Zango da liman: filin na wane ne, wa zai riƙe kuɗin gyara, kuma ba za a haɗa taron adashi ko ɗibar ruwa da wa'azi ba. Idan ma'aikatansu suna addu'arsu da safe kafin su fara aiki, wannan tsakaninsu ne.

Sakataren Unguwa, Kumasi:
Na gode ƙwarai. Za mu zauna da su ranar Asabar bayan la'asar. Malam Yohanna, idan da hali muna so ka halarta, domin dattawa su ji wannan bayani daga bakinka.