Jama'a, wane suna za mu ba wa "bilak-awut" da Hausa?

Salamu alaikum. Ina koyar da Hausa a wata firamare a nan Bauchi, kuma akwai wani wasa da nake yi da 'yan aji biyar wanda har yau ba mu da sunansa. Turawa na ce masa bilak-awut, wani Ba'amurke Austin Kleon ne ya ƙara fito da shi da littafinsa na 2010. Sai ka ba yaro shafin tsohuwar jarida, mu Aminiya muke yankawa, da baƙar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, ya zagaye kalmomin da yake so ya shafe sauran duka, abin da ya rage shi ne waƙarsa.

Ranar wata yarinya ta bar "ruwa" a sama, can ƙasa ta bar "ta sauka", kafin in buɗe baki ajin ya ɗauka, Malama ai ruwa "ya" ne! Wallahi sati biyu ina fama da jinsi a allo bai shiga kamar ranar ba.

To sunan fa. Ƙanina ya ce waƙar ɗauke wuta, wai ai ma'anar kenan, na ce kai tafi can, iyaye za su ɗauka zagin NEPA nake koya musu. Wata abokiyar aikina ta kawo waƙar shafe-shafe, ba laifi, amma hankali na tafiya kan abin da aka zubar ne. Waƙar tsintuwa ta yi min daɗi a baki, sai dai tsintuwa dace ce, shi kuwa yaron nan zaɓa yake yi da gangan.

Ni dai na fi karkata ga waƙar tankaɗe. Duk yaron da ya taɓa zama kusa da uwarsa tana tankaɗe ya san gari na sauka, tsaki na zama a rariya.

Wani dattijon malami da muke gaisawa a Wunti kuma ya ce min, 'yata, ba kari ba amsa-amo ba baiti, wa ya ce miki waƙa ce? Na rasa amsa gaskiya, don a rubutacciyar waƙarmu ƙafiya ba abin wasa ba ce. Shi ya ce a kira shi tankaɗen kalmomi kawai a huta.

Malaman Hausa na Gombe da Azare, waƙar tankaɗe ko tankaɗen kalmomi? Litinin nake son rubuta shi a allo.