Yaya kwalejojin Amurka ke cancantar tallafin gwamnatin tarayya na ɗalibai marasa galihu?

Malam_Sanin_Fagge: Assalamu alaikum. Jama'a, wane sharaɗi kwaleji a Amurka ke cikawa kafin gwamnatin tarayya ta ba ta kuɗin kula da 'ya'yan talakawa? Kuma ɗalibanmu na Najeriya da Nijar da ke karatu can, ana ƙirga su?

Hajiya_Maryama: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Tushen abin dokar ilimi mai zurfi ce ta 1965, sashe na uku da na biyar. Cancanta daban take da samun kuɗi, nan mutane ke rikicewa. Sharuɗɗan cancanta biyu ne, bayan kwalejin ta samu amincewar hukumar tantancewa. Na farko, aƙalla kashi 50 cikin ɗari na ɗalibanta su kasance masu karɓar taimakon mabuƙata irin su Pell (tallafin kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai marasa ƙarfi), ko kuma yawan masu Pell ya zarce matsakaicin na kwalejoji irinta. Na biyu, abin da take kashewa kan kowane ɗalibi ya yi ƙasa da na takwarorinta. Ma'aikatar ilimi na ɗauko alƙaluman ne daga IPEDS, rumbun bayanan kwalejoji na gwamnatin tarayya, kuma ba na bana ba, na shekarun da suka shige. Idan an yi kuskure wajen shigar da su a lokacin, to yanzu ake girbarsa. Wadda ta gaza sharaɗi ɗaya tana iya neman rangwame da hujja a rubuce.

Dan_Katsina: Ƙari kan maganar Hajiya. Wasu shirye-shiryen na duba asalin ɗalibai: kashi 25 na 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, kashi 40 na baƙar fata tare da ɗalibai aƙalla 1,000, kashi 10 na 'yan asalin Asiya da tsibiran Pasifik. Tsofaffin jami'o'in baƙar fata da aka kafa kafin 1964, irin su Howard, ba da wannan ƙirgar ake tantance su ba, tarihinsu ne hujjarsu. Sai dai a Satumban 2025 ma'aikatar ta ce ta daina ba da kuɗin da kwalejoji ke gasar nema, kimanin dala miliyan 350, na shirye-shiryen da ke ƙirga launin fata, wai sun saɓa wa tsarin mulki. Saboda haka a duba sanarwar shekarar kafin a ɓata lokaci.

Tambayarka ta biyu kuwa, Malam Sani, a'a. Ɗalibi mai bizar karatu ba ya samun Pell, kuma layinsa daban ne a IPEDS, na baƙin ƙasa, ba a sa shi cikin baƙar fata. Wanda ke da takardar zama ta dindindin shi ana ƙirga shi.

Hajiya_Maryama: Haka ne. Bayan cancanta sai gasa: a rubuta tsarin bunƙasa kwalejin na shekara biyar, a tura ta Grants.gov, shafin neman tallafin gwamnatin tarayya. Abin da ke kayar da mutane a nan ƙaramin abu ne, rajistar kwalejin a SAM.gov, shafin rajistar masu karɓar kuɗin gwamnati, ta ƙare ba a sabunta ba, ga wa'adi ya zo. Kuma ba a haɗa kuɗin sashe na biyar da na kashin farko na sashe na uku a lokaci guda. Ko kwaleji ba ta ci gasar ba, cancantar kaɗai na ɗauke mata kashi 25 na albashin da take ƙarawa daga aljihunta a shirin gwamnatin tarayya na ba ɗalibai aikin wucin gadi.

Malam_Sanin_Fagge: Madalla, na gode. Allah Ya saka da alheri.