Malamar wasan kwaikwayon yaranmu za ta ajiye aiki, yaya za mu karrama ta?

Uwar ɗalibai: Assalamu alaikum. Malamar da ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe ta makarantar yaranmu za ta ajiye aiki ƙarshen zangon nan. Ita ke rubuta wasannin, ita ke zama da yara bayan an tashi, har kayan wasan ita ke ɗinkawa, kuma ba a ƙara mata ko sisi a kai. Yaran sun kai talatin, 'yan shekara 7 zuwa 12. Saura mako shida. Don Allah ta ina za mu fara?

Mai horar da yara: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaran su yi mata wasa, ita kuwa tana zaune a sahun gaba ba ta ɗaga ko tsinke ba. Babu kyautar da za ta kai wannan a wurinta.

Kada ku ƙirƙiro sabon wasa, mako shida ba zai isa ba tunda mai koyarwar ba ta ciki. Ku tsamo fitowa uku ko huɗu daga wasannin da ta riga ta koya musu, kowace minti huɗu zuwa biyar, sai waƙa ɗaya da kowa ya haddace a rufe da ita. Duka kada ya wuce minti 25. Gwaji sau biyu a mako, minti 45 ya isa, don 'yan shekara bakwai hankalinsu ba ya zama fiye da haka. Kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni. In iyaye uku na gyara yaro ɗaya, ran wasa tsayawa zai yi yana kalle-kalle.

Ba mantuwar magana ke ɓata irin wannan wasa ba, shiga da fita ne. Ku sa manya biyu a bayan labule: ɗaya da takardar jerin fitowa yana tura yara a kan lokaci, ɗaya da rubutun wasan yana tuna wa wanda ya kakare. A manna tef a ƙasa inda kowa zai tsaya, in ba haka ba za su cure wuri guda su ba 'yan kallo baya. Duk yaron da ke da doguwar magana a samu wani ya haddace tasa, saboda rashin lafiya ba ta sallama. Gwajin ƙarshe a yi shi a zauren da za a yi wasan, da kaya da lasifika.

Maganar ɓoye mata kuwa, yara talatin ba sa riƙe sirri. Ku gaya mata akwai taro, abin da ke cikinsa kawai za ku ɓoye.

Tsohon hedimasta: Hajiya, kafin a tara kuɗi a fara ganin shugaban makaranta, don wasu makarantun suna da ƙa'ida a kan kyautar da malami zai karɓa. Kada a yanka wa kowa adadi, mutum biyu su riƙe lissafi, kuma kada a karanta wa ya ba da nawa. Katin kyautar ya ɗauki sunan kowane yaro, ko iyayensa sun ba da wani abu ko ba su ba da ba.

Sannan ku rubuta wa hukumar makaranta wasiƙa, ku ba malamar kwafi. A faɗi shekarun da ta yi, wasannin da ta shirya, da yawan yaran da suka bi ta hannunta. Aikin bayan tashi ba kasafai yake shiga takardun ma'aikaci ba. Jawabi biyu sun isa, minti uku-uku, kuma bayan wasa. In aka fara da jawabai, kafin a zo kansu yaran sun gaji sun yamutse kayansu.

Malamar firamare: Ƙari a kan na Malam. In za ku haɗa mata littafin wasiƙu, kada ku ce wa yara "ku rubuta godiya", takarda talatin iri ɗaya za ku samu. Ku tambaye su: me ka iya yanzu wanda da ba ka iya ba? A nan ne mai jin kunya zai rubuta cewa yanzu yana iya ɗaga murya. Kada a gyara musu rubutun, ta san hannun kowa. Tsofaffin ɗalibai su turo bidiyon daƙiƙa 30, waya a kwance, mako biyu kafin ranar. Mai ɗaukar wasan ya zauna kusa da dandamali, don in daga bayan zaure ne, tafi da surutu kawai wayar za ta kama. Kuma a nemi izinin iyaye a rubuce kafin a sa hoton yaro a intanet.

Uwar ɗalibai: Allah ya saka da alheri. To ƙungiyar fa, bayan ta tafi?

Tsohon hedimasta: A nemi wanda zai gaje ta tun yanzu, kuma shi ne ya kamata ya jagoranci gwajin nan. Bayan taro su zauna tare sau ɗaya ko biyu, a kwafe rubutattun wasanninta, a naɗi waƙoƙin da muryarta don kada karinsu ya ɓace, a zuba kayan wasa a akwatuna da sunan wasan a jikin kowanne. Iyaye su yi ɗaukar kayan, ita bayani kawai za ta yi.