Gwajin DNA ɗin nan da ake oda ta waya, wa yake sa musu ido ne?

Ummu Abdul, Jidda:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu sani a taimaka min. Ƙanwata ce aka sa mata rana bayan ƙaramar sallah, to sai take ta ganin tallan gwajin DNA a Snapchat, wanda za a aiko maka da ƴar kwalba ka tofa yawu ka mayar musu, bayan ƴan makonni sakamako ya shigo maka waya, wai har asalinka da cututtukan gado duk zai faɗa maka. Yanzu ta nace su yi ita da angon wai ya fi na asibiti. Ni dai hankalina bai kwanta ba wlh. Akwai hukumar da ke tantance waɗannan kamfanonin kuwa? Kuma bayanan mutum ina suke zuwa?

Ɗan Rusaifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a lab nake aiki nan Makka, dan Allah ki ce mata kar ta haɗa su. Gwajin kafin aure da Saudiyya ta wajabta tun 2004 na sikila ne da talasimiya (ita ma cutar jini ce ta gado), a 2008 aka ƙara HIV da ciwon hanta B da C, jini ake ɗiba a duba shi kansa, kuma akwai likitan da zai zaunar da su ya yi musu bayani. Shi na yawun nan yawanci ba ya karanta DNA ɗinka gaba ɗaya, wasu wurare ƙalilan yake leƙawa. Ga misali, a 2018 hukumar FDA ta Amurka ta ba kamfanin gwajin yawu na 23andMe izinin gwajin BRCA, wato ƙwayoyin halittar da ke da alaƙa da kansar mama, amma a lokacin canji 3 kacal yake dubawa cikin sama da 1,000 da aka sani, kuma ukun nan an fi samunsu a Yahudawan Ashkenazi. To Bahaushiya ta yi a ce mata ba a ga komai ba, ta saki jiki alhali mahaifiyarta da gwaggonta ciwon ne ya yi ajalinsu, wannan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali. Ko a can Amurkan sai da FDA ta dakatar da su daga ba da rahoton lafiya a 2013, a 2017 kuma ta yarda musu da gwajin haɗarin kamuwa da cututtuka 10.

Maryama_Riyad:
Ni tambayarki ta biyu ce ta fi damuna Yaya. Shi wannan kamfanin da ɗan uwa ya ambata, a 2023 ƴan kutse sun kwashi bayanan mutum kusan miliyan 6.9, sannan a Maris 2025 ya je kotu ya ce ya karye, kawai sai bayanan mutane suka koma cikin kadarar da ake cinikinta. Lambar sirri idan an sace ka canza wata, DNA fa? Kuma ba naka ne kai kaɗai ba, rabi na uwa rabi na uba, ƴan uwanka da ƴaƴanka duk ka tona su ba tare da sun ce eh ba. A 2018 ta hanyar dangi na nesa da suka ɗora nasu a GEDmatch, shafin da ake kwatanta DNA don gano dangi, ƴan sanda suka gano wani makashi a Kalifoniya. Nan Saudiyya akwai dokar kare bayanan mutum da ta fara aiki a Satumba 2023, hukumar bayanai ta SDAIA ke kula da ita, kuma ta sa bayanan ƙwayoyin halitta cikin masu tsananin sirri, amma ke da kanki kin danna na yarda kin tura yawunki ƙasar waje, in an cuce ki ƙofar wa za ki buga?

Abu Sumayya, Madina:
Allah ya saka muku da alheri. A ƙara da maganar nasaba, don waɗannan gwaje-gwajen suna jero wa mutum dangi, wani lokacin su jefa zargi a gidan da yake zaune lafiya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 2002 ta ce bai halatta a yi gwajin DNA don bincikar nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a ba, kuma ba a gabatar da shi a kan li'ani (rantsuwar da miji da mata ke yi gaban alƙali in ya zarge ta da zina ko ya kore ɗa), har ta ba da shawarar kar a yi na nasaba sai da umarnin alƙali, kuma kar a bar shi hannun masu neman riba.

Takari_Asali:
Malam na ji kuma na yarda da batun nasaba, amma ni gsky ban goyi bayan a hana gaba ɗaya ba. Faransa ta hana, tarar Yuro 3,750 ce, kuma mutanensu ba su daina oda daga waje ba. Mu da kakanninmu suka taho a ƙafa ta Chadi da Sudan suka zo hajji suka zauna, da yawanmu ko sunan garinmu ba mu riƙe ba, laifi ne mutum ya so sanin tushensa? A tilasta musu lasisi, a rubuta bayani da Larabci yadda kowa zai gane, a ba mutum ikon goge bayanansa da lalata yawun, sannan duk abin da ya shafi cuta ya bi ta hannun likita kamar yadda Jamus ta yi tun 2010.

Ɗan Rusaifa:
Yallaɓai sharuɗɗanka sun yi, ina tare da kai a kansu. Sai dai kar ka sa rai da yawa, kwatanta ka kawai suke yi da mutanen da ke rumbunsu, kuma Turawa sun fi yawa a ciki nesa ba kusa ba. Za a ce maka kashi kaza Najeriya, in sun sabunta lissafi kason ya canza, ba za su iya ce maka Kano ko Katsina ko Damagaram ba, tsofaffin gidanku sun fi su sanin wannan. Hajiya ke kuma su je asibiti su biyun kafin a fara rabon kati, in duka AS ne to kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS, gara su ji daga bakin likita tun yanzu.