Na iske na'urar hango rada cikin motar da na sayo, in bar ta ko in cire?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan da na ɗauko wata Camry 'yar Amurka. Ran da na kai ta wanki, yaron ya ciro wani baƙin abu daga akwatin gaban fasinja, bai kai tafin hannu ba, da igiyarsa mai naɗi irin ta tsohuwar tarho, da robobi biyu na mannawa ga gilashi. Na soka shi wurin layita, ya yi ƙara, haruffa sunka fito: X, K, Ka da L.

Wani abokina ya ce na'urar hango rada ce, tana sanar da direba in jami'an hanya sun saita abin auna gudu a gaba. Har ya ce in nemi a sayo min ta biyu, mai toshe lesa, wato hasken da jami'ai ke auna gudu da shi, a ɗaura ga hancin mota. Ni kuma sau biyu a sati nake zuwa Illela kan harkar albasa, kuma gaskiya ƙafata na da nauyi. Abin da ya ɗaure min kai, ban taɓa jin ta yi ƙara kusa da wani shinge ba. Amma in wata sabuwar jif ta bi bayana kan hanyar filin jirgi, sai ta dinga ihu, harafin K na walƙiya. Lalacewa ta yi ko haka take? Kuma ta biyun ta cancanci kuɗinta?

Rewaya na Sahara:

Wa alaikumus salam Alhaji. Lafiyarta ƙalau. Irinta sun sha zuwa hannuna cikin motocin Amurka, su Cobra, Escort, Uniden, jefi-jefi Valentine One. Rediyo ce kawai mai sauraro, ba ta aika komi. Haruffan nan zangunan da take kamawa ne: X wajen gigahaz 10.5, K wajen 24, Ka daga 33 zuwa 36, L kuma hasken lesa.

Jif ɗin da ke sa ta ihu, da yawa cikin sababbin motoci suna da ƙaramar rada cikin bamba ta baya, wadda ke kunna 'yar fitila ga madubi in mota ta shigo gefen da direba bai gani. Da yawansu kan zangon K suke aiki, tsohuwar na'ura irin taka ba ta iya bambanta su da ta jami'i. Ƙofa mai buɗe kanta ma tana tada ta. Bayan sati biyu kunnenka zai saba, ka daina kula ta, ran da ta faɗi gaskiya ma ba ka ji.

Batun lesa shi ne mutane ba su gane ba. Rada tana bazuwa, tana dukan motoci da allunan hanya ta warwatsu, shi ya sa ake jiyo ta daga nesa. Lesa siririya ce, a nisan mita 300 faɗinta bai wuce kamar mita ɗaya ba, kan lambar motarka ko fitila ake saita ta, kuma ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta gama karantawa. In ka ji L ta yi ƙara, an riga an auna ka.

Mai toshewar kuwa ƙananan idanu ne da ake dasawa ga gaba, dole su zauna daidai, su kasance tsaf. Ka tuna yadda hancin motarka ke komawa tsakanin Kware da Gwadabawa lokacin hunturu. Ƙurar nan kaɗai ta isa ta rufe su. Ni ba na ɗaura ta, ko an biya ni. Ita kuma wadda ke hannunka, kar ka bar ta manne ga gilashi cikin ranar Afrilu, robar na saki ta faɗo, zafin kuma na cin allonta.

Malamin Kwalejin:

Ƙari kan bayanin Oga Rewaya. Ko can inda anka ƙera su ba ko'ina aka yarda da su ba. A Amurka jihar Bajiniya da birnin Washinton sun hana mai hango rada, kuma an hana ta cikin manyan motocin haya a ƙasar baki ɗaya. Mai toshe rada laifi ne a dokar tarayyarsu. Faransa ma ta hana, har ƙwace na'urar ake yi. Mai sauraro daban, mai hana jami'i aikinsa daban.

Nan gida, dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 cikin gari, 80 kan babbar hanya, 100 kan tagwayen hanya. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda anka kafa 1988, tun Fabrairun 2017 take tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu.

Baba Direba:

Ɗana, na karanta inda ka ce ƙafarka na da nauyi, shi ya sa na ba jikana waya ya rubuta min. Shekara talatin da wani abu na yi ina jan mota tsakanin Sakkwato, Illela da Ƙonni. Abin da ke tare mutum kan hanyar nan bai aiko da wata alama da na'ura za ta kama.

Wata ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, na taso da la'asar sakaliya, rana na dukan ido ta gefe. Na wuce Gwadabawa kaɗan sai ga raƙumi ya hau kwalta da kayan kara, yaron da ke jansa bai fi shekara goma ba, igiyar ta kuɓuce mai. Ina kan tamanin. Na taka burki, motar ta ja, ta tsaya har ina ganin ƙudan da ke idon raƙumin, karan na gogar gilashi. Yaron ya tsaya da hannu bisa kai, ko kuka ya kasa. Da ina kan ɗari da ashirin, da ƙafafunsa zan share, gangar jikin ta faɗo mana ta gilashi. Na ga motar da hakan ta faru da ita, ba na son in sake gani. Kuɗin na'urar nan ka sa su ga taya, don Allah. Ka duba shekarar da anka buga a gefenta, zafin garin ga ba ya barin tsohuwar taya.

Rewaya na Sahara:

Gaskiyar Baba. Kan 120 mota na cin mita 33 kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawar burki ninki huɗu yake yi. Lambar taya huɗu ce a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefenta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Baba, na fita da tocila yanzu na duba. Na gaba biyu 2319 ke rubuce, na baya ɗaya ma 4116. Tun da na sayi motar ban taɓa dubawa ba. Maganar mai toshe lesa na bar ta, waccan kuma na naɗe igiyarta na mayar akwati. Oga Rewaya, gobe in sha Allahu bayan na canza tayun zan biyo ta Sahara, fitilar hagu na ɗan lumshewa in na kunna iyakwandishan, ka duba min.