Shin Girgizar Ƙwayoyin Ƙarfe Cikas Ce Kawai Ga Lantarki?

Malamin Fiziks, Argungu: Assalamu alaikum. Abin da nake koya wa ɗalibaina, kuma nake tsaye a kansa, shi ne girgizar ƙwayoyin zarra a cikin ƙarfe ba ta da aiki sai tare wa elektaron, wato ƴan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, hanya kawai. Idan zafi ya ƙaru girgiza ta ƙaru, sai turjiya, wato wahalar da wuta ke sha wajen ratsa ƙarfen, ta hau, shi ya sa turjiyar tagulla take ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya.

Mai naɗin koyil, Jega: Allah ya gafarta Malam, hannuna shaida ne. Injin ban ruwa na manoman shinkafa, idan na ɗora masa mita da sanyin safiya, na sake ɗorawa bayan ya wuni yana aiki a ranar bazara har jikinsa ba ya taɓuwa, lambar turjiyar da nake gani ba ɗaya ba ce. Ƙarin digiri 50 yana kawo kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Injiniya, Birnin Kebbi: Lissafin daidai ne, amma akwai gyara a yadda ake bayaninsa a aji, inda ake cewa elektaron yana karo da kowace ƙwaya. Tun 1928 Felix Bloch ya nuna cewa da ƙwayoyin za su tsaya cak a sahu madaidaici, da elektaron ya ratsa su ba tare da tangarɗa ba, domin tafiyar igiya yake yi. A tagulla yakan wuce ƙwayoyi sama da 100 kafin wani abu ya karkatar da shi, kuma abin da ke karkatar da shi karkacewar sahun ce, ko ta girgiza, wadda ake kiran ɗan ƙunshinta fonon, ko ta gurɓacin ƙarfen.

Malama, Aliero: Malam, da girmamawa, kalmar "kawai" ce ban yarda da ita ba. A 1911 Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba a Leiden ta ƙasar Holan, da ta kai Kelbin 4.2 (Kelbin ma'aunin zafi ne da ake fara ƙirgawa daga ƙarshen sanyi) sai turjiyarta ta ɓace gaba ɗaya. Girgizar da ake zargi ita ce silar wannan.

Malamin Fiziks, Argungu: Ai kin kawo mini hujja ne, Malama. Sanyi ya kwantar da girgiza, cikas ya kau, lantarki ya wuce.

Malama, Aliero: Da haka ne, da tagulla da azurfa da zinariya ne za su fara rasa turjiya, tunda su ne girgiza ba ta cika damun elektaron ɗinsu ba. Amma komai sanyin da aka kai su, turjiyarsu takan sauka ne ta tsaya a kan ɗan ragowar da gurɓaci ya bari. Dalma kuwa, wadda babu mai naɗa koyil da ita saboda rashin kyawunta wajen ɗaukar wuta, tana rasa turjiya a Kelbin 7.2, domin a cikinta elektaron da girgiza sun riƙe juna sosai. Sannan a 1950 aka gwada nau'o'in zaiba masu bambancin nauyin ƙwaya, aka ga mai nauyi sai an ƙara sanyaya ta kafin turjiyarta ta ɓace. Nauyin ƙwaya bai canza yawan elektaron ba, saurin girgiza ya canza.

Yadda abin yake, elektaron yana wucewa sai ya ɗan janyo ƙwayoyin da ke gefensa, su kuma saboda nauyinsu ba sa komawa mazauninsu da wuri, kamar sawun ƙafa a lakar fadama da ke nan bayan mai shi ya yi nisa. Wani elektaron sai ya ji wurin yana jan sa. Ta haka biyun da bisa ɗabi'a suke ture juna suke ƙulluwa, ƙulluwar ce kuma ke ba su damar wucewa ba tare da turjiya ba, kuma a kan wannan Bardeen da Cooper da Schrieffer suka gina bayaninsu a 1957, wanda ya ba su kyautar Nobel a 1972.

Malamin Fiziks, Argungu: Batun nauyin zaiba ya kama ni, ban musa ba. To amma sinadaran da Bednorz da Müller suka gano a 1986 fa, waɗanda daga baya danginsu suka riƙa rasa turjiya a sama da Kelbin 90? Har yau masana ba su haɗu a kan cewa girgiza ce ke ƙulla elektaron ɗinsu ba.

Injiniya, Birnin Kebbi: Gaskiya ne, Malam, sai dai waɗancan haɗe-haɗe ne na tagulla da iskar oksijin masu kama da tangaran, mu kuwa zancen zaiba da dalma muke yi.

Mai naɗin koyil, Jega: Ni dai Malama, dalmar da nake narkarwa ina liƙa waya da ita, yau na fara yi mata wani kallo.